In Lantarki Ya Ɗauke, Ina Hayaƙin Zai Bi?

Kakar shekarar 2022 ta zo wa Turai da fargabar sanyi. Yaƙin Rasha da Yukren ya sa kuɗin iskar gas ya yi tashin gwauron zabo, magidanta daga Faransa har Italiya suka bazama neman abin da zai ɗumama musu gida ba tare da ya lashe albashi ba. Da yawansu suka faɗa kan murhun felet. Kaya suka ƙare a shaguna, aiki ya yi wa masu kafawa yawa har sai mutum ya jira watanni. Shi kansa felet ɗin, buhun kilo 15 da aka saba saya wajen Yuro 5 ya haura Yuro 10, musamman da Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga kayan itacen Rasha a watan Yulin shekarar. Gwamnatin Italiya ta rage harajin da ke kansa daga kashi 22 zuwa kashi 10 cikin ɗari a 2023, ta Faransa kuma ta raba wa masu ƙaramin ƙarfi tallafin sayen itace. Daga baya farashi ya sauko. Murhunan da aka kafa cikin wancan rububi kuwa suna nan a gidajen mutane, kuma ba dukansu aka kafa yadda ya kamata ba.

Felet ba wani abu ba ne illa garin katakon da injinan yanka ke zubarwa. A busar da shi har damshinsa ya koma ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, a matse shi da ƙarfin gaske ta wasu ƙananan huji, zafin matsin ya narkar da ƙaron da ke jikin itacen ya haɗe garin, ya fito 'yan guntaye masu kaurin milimita 6. Wanda ya taɓa riƙe abincin kifin tarwaɗa a tafin hannunsa ya san kamanninsa. Kilo 2 na mai kyau yana ba da zafin da lita 1 ta man ɗumama gida ke bayarwa, ga shi tokarsa ba ta taka kara ta karya ba.

Wani injiniya mai suna Jerry Whitfield, wanda ya yi aiki da kamfanin jiragen sama na Boeing a jihar Washinton ta Amurka, shi ya fito da murhun gida mai cin wannan abu a farkon shekarun 1980. Amma Italiyawa ne suka rungume shi hannu bibbiyu. An yi shekaru babu ƙasar Turai da ta kai Italiya yawan irin waɗannan murhuna, akwai shekarun da ta ƙona fiye da tan miliyan 3 na felet, mafi yawansa daga waje ake kawowa. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera murhun, irin su MCZ da Palazzetti da Edilkamin da Piazzetta, duk a arewacin ƙasar suke. A wannan yankin ne kuma, a garuruwa irin su Biresha da Bicenza da Modena, 'yan Afirka ta Yamma da dama ke zaune suna aikin masana'antu, har da 'yan zangon Gana. Wanda ya kama hayar gida a can, ba abin mamaki ba ne ya tarar da wannan akwatin ƙarfe a kusurwar falo, ba wanda ya tambaye shi ko ya san kansa.

Kunna shi ba ya buƙatar ashana. A danna maɓalli, ko ma a taɓa waya tun daga wurin aiki. Fanka ta fara juyawa a ciki. Wani dogon sukuru ya riƙa ɗebo felet daga rumbun da ke bayan murhun yana zubo shi kaɗan-kaɗan cikin ɗan kaskon ƙarfe mai huje-huje, kana jin saukarsa ƙwas, ƙwas. Ƙarfen kunnawa ya yi ja a gindin kaskon. Minti uku, minti huɗu, farin hayaƙi ya murtuke bayan gilashi, sai harshen wuta ya tashi, hayaƙin ya ɓace. Can kuma fanka ta biyu ta soma huro ɗumi cikin ɗaki. In ɗaki ya kai zafin da aka saita, murhun da kansa zai sassauta. Wannan sauƙin ne ke sa mai gida ya lissafa shi cikin kayan lantarki, ya manta itace ake ƙonawa a tsakiyar falonsa, kuma dole a nema wa hayaƙinsa hanya.

Gaskiya murhun kansa ba shi da laifi mai yawa. Tun 1 ga Janairun 2022 dokar Tarayyar Turai ta hana sayar da sabon murhun felet da hayaƙinsa ya ɗauki fiye da miligiram 300 na iskar kabon monoksaid a kowace mita kubik, alhali an yarda murhun faskare ya kai 1,500. An kuma cusa masa na'urorin tsaro: akwai mai auna zafin hayaƙi, akwai mai tsayar da sukuru in rumbu ya fara ɗaukar zafi, akwai mai kashe murhu in ta ji iska ba ta wucewa. A ɗakin gwajin masana'anta duk suna aiki. Sai dai masana'anta akwati kawai ta sayar maka. Bututun da zai kai hayaƙi waje a gidanka ake haɗa shi, da hannun wanda ka ɗauko, a kan kuɗin da kuka yi ciniki.

Murhun faskare na gargajiya zafi ne ke ja masa hayaƙi. Iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, sai ta hau dogon bututu da kanta, tana hawa tana zuƙo ta ƙasa. Ko da akwai 'yar tsaga a jikin bututun, iskar ɗaki ce ke shiga ta nan. Murhun felet kuwa ya riga ya tatse yawancin zafin ya ba ɗaki. Hayaƙin da ke fita sau da yawa bai kai digiri 200 ba, ba shi da kuzarin hawa sosai, fanka ce ke tunkuɗa shi cikin siririn bututu mai faɗin santimita 8. Abin da ake tunkuɗawa kuwa duk kafar da ya samu zai bi. Shi ya sa kowace mahaɗa take da zoben roba mai jure zafi, a Amurka kuma a shafe ta da silikon. Zobe ɗaya ya goce lokacin da ake cusa bututu cikin ɗan'uwansa, ko murfin ƙasan mahaɗar da ake kwashe toka bai zauna daram ba, shi ke nan, hayaƙi ya sami ƙofar falo. Alamar ɗan baƙin layi ne ko garin toka a gefen mahaɗa, a bayan murhu, inda ba mai leƙawa sai ranar babbar shara.

Lokacin da fanka ta tsaya

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ingancin aikin bututu ma ba ya fitowa fili sai ranar da lantarki ya ɗauke murhu na tsaka da ci. Sukuru ya tsaya, fanka ta tsaya, allo ya mutu, na'urorin tsaron nan duk su yi tsit. Amma felet ɗin da ke cikin kasko yana nan yana ci. Ba shi da isasshiyar iska, sai ya koma turnuƙewa, kuma irin wannan cin na rabi da rabi shi ya fi haifar da kabon monoksaid. In bututun ya miƙe sama har ya wuce rufi, ɗumin da ya rage a jikinsa zai janye hayaƙin a hankali har garwashin ya mutu. In kuwa bango kawai aka huda aka zura guntun bututu a kwance, babu abin da zai ja. Hayaƙi ya dawo ta kafar shigar iska, ta bakin rumbu, ta gefen ƙofar gilashi.

Bature bai saba da ɗauke wuta ba, don haka mai kafawa yana iya shafe shekaru yana irin wannan aiki ba wanda ya kawo masa ƙorafi. Amma ranar takan zo, kuma ba ita kaɗai take zuwa ba. Daren 1 zuwa 2 ga Nuwamban 2023 guguwar da aka sa wa suna Ciarán ta jefa gidaje kimanin miliyan 1.2 cikin duhu a Faransa, akasari a arewa maso yammacin ƙasar, wasu sai da suka kwana biyu ba lantarki. Iskar da ke tsinka wayoyin lantarki ita ce kuma ke dukan bakin bututun da aka fitar ta bango, tana mayar da hayaƙi inda ya fito. Duk wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, tambayar farko da yake yi wa mai sayar da kayan lantarki ita ce, “To, in an ɗauke wuta fa?” Ita ce tambayar da ya kamata a yi wa mai kafa murhun nan tun kafin ya sauke kayan aikinsa. Wasu sukan haɗa masa batir da inbata don fanka ta ci gaba da juyawa har kasko ya huce. Dabara ce mai kyau, amma batir yana tsufa, tsayin bututu kuwa yana nan yadda aka bar shi.

Italiyawa sun yanke magana a taƙaice. Ƙa'idarsu mai lamba UNI 10683 ta ce hayaƙin murhun itace ko felet ta saman rufi zai fita, ba ta bango ba. Ta kuma hana kafa murhu a ɗakin kwana ko banɗaki ko gida mai ɗaki ɗaya, sai in irin rufaffen nan ne da ke shaƙar iskarsa daga waje. Wanda ya yi aikin wajibi ne ya ba mai gida takardar shaidar cewa ya bi ƙa'ida. Duk da haka wanda ya zaga ƙauyukan ƙasar zai ga guntayen bututai sun leƙo ta bango, da baƙin tabo a samansu.

Faransa ta bar 'yar kafa, kuma ta wannan kafar ake yawan cutar mutane. Asalin dokarsu, ta 22 ga Oktoban 1969, ta ce bakin bututu ya ɗara ƙololuwar rufi da santimita 40, ya kuma ɗara duk wani gini da ke tsakanin mita 8 da shi. Daga baya aka yarda a fitar ta bango, amma da sharaɗi. Murhun ya zama rufaffe wanda cibiyar binciken gine-gine ta CSTB ta amince da shi, a tsohon gida ba sabon gini ba, a bar tazara tsakaninsa da tagogi, kuma a yi amfani da bututu mai ciki biyu, na tsakiya yana fitar da hayaƙi, na kewaye yana shigo da iskar waje. Wayon da ake yi shi ne a sayar wa mutum murhu na gama-gari mai shaƙar iskar ɗaki, a huda masa bango, a ce ai doka ta halatta. Amurka ma ta yarda da fitarwa ta bango, amma littattafan murhunan can sukan nemi a bar tazarar ƙafa 4 daga tagar da ake buɗewa, su kuma ba da shawarar bututu ya ɗan hau sama tukuna, saboda dai wannan matsala ta ɗaukewar lantarki.

A ganina tsarin Jamus ya fi kama hankali. A can kowace unguwa tana da mai kula da bututan hayaƙi da hukuma ta naɗa, kuma ba a kunna sabon murhu sai ya zo ya duba ya sa hannu. Bayan nan ma zai riƙa zuwa duba dukan wuraren hura wuta na gidan sau biyu cikin kowace shekara bakwai, ban da shara da awo na yau da kullum. Jamusawa suna ƙunƙunin kuɗin da yake karɓa. Amma ba shi ya sayar da murhun ba, ba shi ya haɗa bututun ba, ba abin da zai rasa in ya ce aikin bai yi ba. A sauran wurare da dama wanda ya yi aikin shi ke rubuta wa kansa shaidar ya yi daidai.

Maganganun da mai gida ke ji in ya nuna damuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. “Ai fanka gare shi, ba ya buƙatar dogon bututu.” “Haka muke yi wa kowa.” “Sabo ne, warin zai tafi.” Ba lallai ne mai faɗin haka ya zama maƙaryaci ba. Sau da yawa kuɗin bututun kirki mai rufi biyu da zai hau bene ya wuce rufi yakan kusan kamo kuɗin murhun, kuma ya san in ya faɗi gaskiyar farashi mai gida zai koma wurin wanda ya fi araha. Mai saye ya kashe dukan tunaninsa a kan launin murhu da ko yana amsa waya. Bututu kuwa ba a ajiye shi a gaban shago.

Gidan da ke da tsohon bututun bulo ma bai tsira ba. Mutum yakan ɗauka ya huta, sai kawai a cusa siririn bututun murhu cikin faffaɗan ramin da kakanni suka gina don babbar wutar faskare. Hayaƙin felet, wanda da ma ba shi da zafi sosai, ya shiga wannan fili mai sanyi, ya rasa gudu, tururin da ke cikinsa ya koma ruwa. Ruwan ya haɗu da kunkunniya ya zama wani abu mai danƙo kamar kwalta, ya riƙa cin simintin da ke tsakanin bulo, wani lokaci har ya ɓullo a bangon ɗakin sama da tabo mai wari. In wannan danƙo ya taru ya kama wuta, zafin cikin bututu yana iya wuce digiri 1,000. Maganinsa a zura bututun ƙarfe marar tsatsa tun daga ƙasa har sama, bayan an share tsohon ramin tas. Kwanar bututu ma ba a son ta yi yawa: yawancin littattafan murhu ba sa yarda a wuce kwana uku, kuma ɓangaren da ke kwance kada ya wuce mita biyu zuwa uku, shi ma da ɗan tudu, don nan toka ke kwanciya ta toshe hanya.

Sai wurin da bututu ke ratsa silin da rufi, inda gobara ke yawan farawa. Ƙa'idar Faransa ta ce bututu mai fata ɗaya ya nisanci duk abin da ke cin wuta da ninki uku na faɗinsa, kuma kada tazarar ta gaza santimita 37.5, sai fa in masana'anta ta gwada ta rubuta wata. Mai rufi biyu da abin kare zafi a tsakani, santimita 8 aka fi nema masa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne katako ba ya kamawa a makon farko. Zafi ne ke gasa shi kaɗan-kaɗan, wata da watanni, ya bushe ƙayau, ya yi duhu, har ya kai ga zafin da a da ba zai yi masa komai ba yanzu ya isa ya tayar da shi. Gida yana iya yin hunturu biyu lafiya ya ƙone a na uku. A lokacin kuwa mai kafawa ya daɗe da karɓar kuɗinsa, wataƙila ma wani ya zo daga baya ya tura audugar kare sanyi ta manne da bututun bai sani ba.

Makonnin farko

Sabon murhu yana wari, wannan gaskiya ne. Fentin jikinsa da man da aka shafa wa ƙarfe a masana'anta suna ƙonewa a kunnawar farko, su ba da wani wari na sinadari, har da ɗan hazo. A buɗe tagogi, a fitar da yara, bayan 'yan kunnawa ya wuce. Warin hayaƙin itace daban ne, kowa ya san shi, kuma ba shi da dalilin zama a ɗaki ko a rana ta farko. Harshen wuta ma yana ba da labari. Lafiyayye gajere ne, mai haske, yana rawa da kuzari. In ya zama dogo, ja-ja, yana lilo cikin kasala da baƙi a bakinsa, gilashi kuma yana yin baƙi ƙirin cikin 'yan sa'o'i, to iska ba ta isa ba ko hanyar fita ta ƙuntata. Murhun da ke yawan kashe kansa yana nuna alamar matsin iska, ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi. Mafi munin gyara shi ne wanda za a zo a tsallake na'urar da waya don ta daina damun mutane.

Akwai kuskure guda da sababbin masu murhu ke yi wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Wani lokaci murhu yakan kasa kamawa, saboda kasko ya toshe da toka ko ƙarfen kunnawa ya raunana. Sukuru ya riga ya cika kaskon da felet. Mai gida ya zo ya ga saƙo a allo, ya sake danna maɓalli. Sukuru ya ƙara wani a kan na da. Tulin ya fara gasuwa daga ƙasa ba harshen wuta, akwatin ya cika da hayaƙi mai kauri har ba a ganin komai ta gilashi. Wannan hayaƙin gas ne mai kamawa. Da tartsatsi ya samu, sai ya tashi gaba ɗaya, bum, yana iya fasa gilashi ko ya ɓalle mahaɗar bututu. Shi ya sa littattafan murhu ke nanata cewa a zubar da abin da ke cikin kasko kafin a sake kunnawa, kuma kada a mayar da shi rumbu, don ƙila akwai mai wuta a ciki. Haka nan ba a kashe murhun da zare filogi daga bango. Wanda ya yi haka ya ɗauke wa kansa lantarki da hannunsa.

Kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu, sai jini ya riƙa zagaya jiki ba abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Farkonta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da kowa zai ce mura ce ko gajiyar aiki. Abin lura shi ne in mutanen gida duk suka kamu lokaci guda, in kuma an fita waje aka ji sauƙi. Mai barci ba ya samun wannan gargaɗi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce fiye da mutum 400 ke mutuwa a ƙasar duk shekara ta wannan hanya ba tare da gobara ba, fiye da 100,000 kuma ake garzayawa da su asibiti. Mu ma mun san ta, ko da ba da wannan suna ba. Ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya in an kwana da janareta a baranda ko kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu, da safe a ce abinci suka ci mai guba. Wanda ya yi zargin ta, ya buɗe ƙofa da tagogi, ya fitar da kowa, ya kira 112 in a Turai yake. Ko an ji sauƙi a je asibiti, don a iskar waje sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ta bar jini, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna.

Na'urar ƙararrawa mai shinshino wannan iska kuɗinta bai wuce na 'yan buhunan felet ba. Wadda ta cika ƙa'idar Turai mai lamba EN 50291 tana yin kuka cikin minti 60 zuwa 90 in iskar ta kai kashi 50 cikin miliyan, cikin minti 3 in ta kai 300. A Ingila tun Oktoban 2010 doka ta wajabta sa ta a duk ɗakin da aka kafa sabon murhun itace, tazarar mita 1 zuwa 3 daga murhun. A Faransa ƙararrawar hayaƙi ce aka wajabta tun Maris na 2015, ta kabon monoksaid an bar wa mai gida zaɓi, kuma mutane da yawa suna zaton farar na'urar da ke manne a silin ɗinsu tana yin aikin biyu. Ba ta yi.

Gidajen zamani da aka toshe kowace kafa don tsimin zafi sun zo da tasu matsalar. Murhun da ke shaƙar iskar ɗaki yana buƙatar a mayar masa da abin da ya shaƙa. In uwargida ta kunna fankar zuƙe hayaƙin girki a kicin, tagogi a rufe, fankar tana fitar da iska ba ta inda wata ke shigowa, sai gidan ya nemi cikewa ta kowace hanya, har ta bututun murhu. A Jamus bambancin matsin da aka yarda da shi Faskal 4 ne kacal, abin da fata ba ta ma ji, shi ya sa ake haɗa fankar kicin da wani makunni da ba ya barin ta tashi sai an buɗe taga. Kafar iskar da mai kafawa ya bari a bango, wadda ke shigo da sanyi har ake sha'awar cusa mata tsumma, ita ma ɓangaren murhun ce.

Wani haɗarin kuma ba ya buƙatar a kunna komai. Felet da aka tara da yawa a rufaffen wuri yana fitar da kabon monoksaid da kansa, saboda man da ke jikin itacen yana haɗuwa da iska a hankali, yana kuma shanye oksijin ɗin wurin. A Nuwamban 2006 wani ma'aikacin jirgin ruwa ya mutu a tashar Helsingborg ta Suwidin bayan ya sauka wata matattakala kusa da inda aka loda felet daga Kanada. A 2012 hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi cewa tun 2002 aƙalla mutum tara sun mutu a Turai bayan shiga ma'ajiyar felet, wasunsu a gidajen zama. Buhu goma a kusurwar gareji ba su ne abin tsoro ba. Wanda ya sayi tan-tan ya zuba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa marar taga, shi ya kamata ya buɗe ƙofa ya jira iska ta ratsa, kuma kada ya shiga ba kowa a waje.

Ɗan haya shi ne a tsaka mai wuya, don murhun ba shi ya zaɓa ba, bututun bai ga yadda aka haɗa ba. A Faransa, bisa dokar da ta fara aiki 1 ga Oktoban 2023, dole a duba murhu a kuma share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara, wasu yankuna sau biyu suke nema, kuma yawanci a wuyan mazaunin gidan abin yake. Mai shara zai ba da takarda, a adana ta shekara biyu. Ranar da gobara ta tashi, wannan takardar da ta wanda ya kafa murhun su kamfanin inshora zai fara tambaya. Wanda zai shiga gida yana da damar ya ce wa mai gidan ya nuna masa su tun kafin ya sa hannu, ya kuma fita waje ya ɗaga kai ya ga ta ina bututun ya ɓullo. Kunnawar farko bayan bazara ma a yi ta da rana, mutum na tsaye, don tsuntsaye sukan yi sheƙa a bakin bututun da ya yi wata shida ba hayaƙi.

In mai shara ya duba ya ce kada a kunna sai an gyara, mai gida kuma ya tsaya jan ƙafa, ga sanyi yana shiga ƙashi, nan ne baƙo yakan tuna da abin da ya sani a gida, ya sayo gawayin gashi ya hura a tukunya ya shigo da shi ɗaki. Duk hunturu jaridun arewacin Italiya suna kawo labarin iyalan baƙi da aka kwasa zuwa asibiti ta wannan hanya, ana sa su a akwatin oksijin mai matsi don a kori gubar daga jininsu. Hitar lantarki tana cin kuɗi, amma ita ce abin kunnawa a waɗannan kwanaki, har mai gida ya kira wanda zai hau rufi.